Riƙau daban, maido-da-jiya daban

Jama'a, Allah ya ƙara mana sani. Kalmar nan ta Turawa, riyakshonari, kullum sai a fassara ta da "mai ra'ayin riƙau". Ni a wurina ba ta zauna ba. Riƙau abin da ke hannunsa yake riƙewa, kada ya suɓuce. Riyakshonari kuwa abin ya riga ya suɓuce masa, so yake a dawo da shi ko da tsiya. A Faransa kalmar ta samu ma'anarta ta siyasa, bayan juyin juya halin 1789, kan masu neman a rusa abin da juyin ya kawo. Joseph de Maistre, marubucin da ya so a mayar wa sarki da Fafaroma ikonsu, shi ne cikakken misali.

Wani malami ya ba da shawarar "ɗan koma-baya". Malam, Allah ya gafarta, koma-baya a bakin Bahaushe lalacewa ce, kamar koma-bayan tattalin arziki. Ta zama zagi ke nan. "Mazan jiya" kuma yabo ne. Abin da nake kawowa shi ne ɗan maido-da-jiya, jam'insa 'yan maido-da-jiya.

Ga inda bambancin yake amfani. Ana yawan jefa Schopenhauer, masanin falsafa Bajamushe da ya ce rayuwa wahala ce tsantsa, cikin rukunin 'yan maido-da-jiya. Hujjar tana da ƙarfi: a boren 1848 a Frankfurt ya miƙa wa hafsan soja madubin hangen nesansa don a saita masu bore, kuma da ya rasu a 1860 ya bar dukiyarsa ga asusun sojojin Prussia, wata masarautar Jamus ta lokacin, da suka nakasa wajen murƙushe boren. Abin yana ci mini rai, don talakawa ne aka harba. Amma a tambaya: wane jiya yake son maidowa? Babu. A ganinsa jiya da yau da gobe duk azaba ɗaya ce, tarihi ba ya gaba ba ya baya. Tsoron hargitsi da asarar gadonsa ne suka sa shi bayan soja. Riƙau ne, ba ɗan maido-da-jiya ba.

Shi ya sa nake ƙin a ce duk mai ganin duniya da baƙi abokin masu mulki ne. Philipp Mainländer, wani masanin falsafa Bajamushe, a kan littattafan Schopenhauer ya gina tunaninsa, baƙin ganinsa har ya fi na malamin, amma ya goyi bayan gurguzu da 'yancin ma'aikata. Haka Sartre, masanin falsafa Bafaranshe, ya ɗebi ilimi a littattafan Heidegger, Bajamushen da ya shiga jam'iyyar Nazi ta Hitler a 1933, amma shi Sartre ya tsaya wa 'yancin Aljeriya.

Wata 'yar uwa ta ce kalmar ta yi tsawo. Gaskiyarki, Hajiya, amma "tsattsauran ra'ayi" ma ba gajera ba ce, kuma gidajen rediyo sun saba mana da ita. In akwai gajera wadda ta riƙe ma'anar dawo da abin da ya wuce, a kawo, zan karɓa.