Mota mai inji da batir a Maradi: abin da masana suka tsaya a kai

Bakanikai da masu irin motar sun fi raja'a ga wadda ke caza kanta, kamar Corolla Cross mai injin lita 1.8 ko RAV4 mai lita 2.5. Wadda ake jona wa lantarki sai mai tsayayyar wuta a gida. Ƙaramin tsarin 48V kuwa, wato mai ƙaramin batir na volt 48 da ke ɗan taimaka wa inji kawai, rangwamen mansa kaɗan ne. Ribar mota mai inji da batir tana cikin gari, wurin tsaya-tashi. A kan hanyar Yamai ba ta da yawa.

Inda suka fi jan kunne shi ne zafi da ƙura. Babban batirin yana ƙarƙashin kujerar baya, fanka ke sanyaya shi ta wata ƴar kafa mai raga. Ƙurar hunturu na toshe ta, batirin ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu. A riƙa share ragar, kada a tare kafar da kaya.

Kwamfaresan na'urar sanyaya mota (AC) na lantarki ne, man kwamfaresa mai suna ND-11 kawai yake sha. Wani man yana lalata rufin wayoyinsa. Wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da sama da volt 200, kada yaron gareji ya taɓa su. Kafin a biya kuɗin ta hannu, a sa kwamfuta ta duba batirin.