Faifan Ɗan Koli: Musayar Baitoci Kan Kayan Kantin Da

Baba Na-Fagge:
Salamu alaikum 'ya'yana da jikokina. Ƙwar biyu ce, amsa-amo "ya". Wanda ya isa, ga fili.

Da sunan Allah zan tuna da jiya,
Zamanin da kanti ke da gaskiya.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911,
Ya ɗebi gyaɗa, ya sauke kaya.

Ga kantunan John Holt da Ollivant, daga baya UAC,
Ga 'yan Labanan da mutanen Siriya.

Ɗan koli ya sari nasa, faifai a ka,
Ƙauye zuwa ƙauye yana ɗaga murya.

Ga Mentholatum na ciwon gaɓɓai,
Ga Robb na mura da sanyin safiya.

Cafenol biyu da ruwan randa,
Manomi ya koma gonarsa lafiya.

Fitilar ƙwai, lagwani kawai ake sauyawa,
Ba ta mutuwa, ba ta ba ka kunya.

Keken Raleigh, uba ya hau, ɗa ya gada,
Na yau kafin kaka sun zama tsiya.

'Yar Kemis ta Zariya:
Baba, a gafarce ni, yau zan taɓa rawani.

Ranka ya daɗe, na durƙusa na gaishe ka,
Amma zancen nan yana son rariya.

Ƙwayar APC da kuka riƙa sha kamar gyaɗa,
Akwai fenasitin a tsakiyar ƙwaya.

Likitoci sun gano yana cin ƙoda,
A 1983 Amurka ta tare masa hanya.

Ruwan Woodward da ake ɗura wa jarirai,
Na asalinsa akwai ɗigon giya.

Haɗin Nottingham ne, tun 1851,
Yaro ya yi luf, uwa tana godiya.

Man zafi kuwa fata yake ruɗawa,
Ya yi yaji a sama, ciwo na nan a baya.

Ɗan koli bai iya karanta kwalba ba,
Hoton kwali yake nunawa, a biya.

Ciki, haƙori, shawara, zazzaɓi,
Duk ƙwaya guda, ba a tambaya.

Baba Na-Fagge:

'Yata, kin yi karatu, ban musa ba,
Amma akwai wadda kika bi ta gefe, kika wuce ɗiya.

Je ki tambayi tsofaffi shekarun sanƙarau,
Da bazara ke zuwa ta ƙame wuya.

Makoki kan makoki a gida guda,
Masu tonon kabari sun gaji da tafiya.

Sai ga ƙwayar M&B, 'yar fara, ta May da Baker,
A 1938 ta fito daga Birtaniya.

Ita Churchill, firaministan Ingila, ya yaba wa a 1943,
Da ya kwanta da ciwon nimoniya.

Wanda ya ga ɗansa ya tashi ya sha koko,
Ba ki isa ki ce masa kanti ƙarya.

'Yar Kemis ta Zariya:

Wannan kam magani ce, Baba, ta yi aiki,
A hannun malamin asibiti mai jinya.

Da ta faɗa faifai da teburin kasuwa,
Aka riƙa sayar da ita ɗaya-ɗaya.

A sha biyu, a ji sauƙi, a ajiye saura,
Har ƙwayar cutar ta koyi juriya.

Gwaggo Mai Kwalla, Damagaram:
Yaya, kai da yarinyar nan kun tsaya bakin ƙofa kuna gardamar ƙwaya. Ku shigo ɗaki.

Mu nan kantunan Faransawa, CFAO da SCOA, muka sani,
Sauran kaya a hauro da su daga Nijeriya.

Kwalla da langa da tasa, jere har rufi,
Da su ake auna darajar amarya.

Ba don a ci tuwo aka jera su ba,
Asusun mace ne, kuma kariya.

In fari ya zo, rumbu ya yi ƙasa,
A sauko da biyu, a kai wa dillaliya.

Bint El Sudan a ɗan kwalba mai hoto,
Ba barasa ciki, a shafa a yi sallah da niyya.

Sabulun Sunlight ya ture na salo gefe,
Kwanon kanti ya ci kasuwar ƙwarya.

Masu gyartai da masu sassaƙar akushi,
Ba wanda ya yi musu waƙar juyayi ko ɗaya.

Kuma Yaya, fitilar da kake yabo,
Wa ke goge ƙwanta da toka kullum, kan tsiya?

Wa ke hura gawayin dutsen guga,
Ta sa bula a wanki, ta ja ruwan rijiya?

Kayan sun daɗe, ban ƙi maka ba,
Hannunmu ne ya ƙare wurin moriya.

Ɗan Autan Zaure:
Iyayena, ga nawa, a yi haƙuri da ɗan koyo.

Ɗan kolin yau mota gare shi da lasifika,
Basir, sanyi, taifot, jarka ɗaya.

An kafa NAFDAC tun 1993,
Amma jarkarsa ba lamba, ba kwanan wata.

'Yar Kemis ta Zariya:
Auta, maganarka daidai, amma "wata" ba ta shiga "ya". Tararka baiti uku kafin magariba.

Gwaggo Mai Kwalla, Damagaram:
Ku ƙyale yaro, ya fi wasu manya ƙoƙari.

Yaya Na-Fagge, na ga kana nan ka yi shiru,
Tambaya biyu na yi, ko in ƙara murya?