Wai me ya sa Amurka take gwada makamai masu linzami a tsakiyar ƙasarta, ba sa faɗo wa mutane?

Ɗan Lami:
Salam jama'a. Dan Allah masu bin harkar soja ku cire ni daga duhu. Jiya ina ta yawo a taswirar waya na ci karo da wani fili fari fat a jihar New Mexico ta Amurka, da farko na ɗauka ƙanƙara ce ko gishiri, ina dubawa sai na ga wai White Sands ake ce masa kuma wai na sojoji ne, nan suke harba makamai masu linzami na gwaji. Abin da ya ɗaure min kai ga garuruwa nan kusa kusa, Las Cruces ta wannan gefen Alamogordo ta wancan, har titi ya ratsa ta ciki. Ni a tunanina ba cikin teku ake irin wannan gwajin ba? In abu ya ƙwace ya dira kan gidan wani fa?

Injiniya Sani:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai taswirar ce ta yaudare ka, wajen ba ƙaramin fili ba ne, ya kai murabba'in kilomita 8,300, tsawonsa daga kudu zuwa arewa wajen kilomita 160 faɗinsa kamar 65, duk Amurka babu sansanin sojan da ya kai shi girman ƙasa. Farin da ka gani kuma ba gishiri ba ne, jibsam ne, irin wanda ake POP da shi, kuma wani yanki ne kawai na filin.

Batun teku kuwa suna yi, musamman manyan nan masu tsallake nahiya. Amma ka yi tunani, ka kashe miliyoyin daloli ka ƙera abu ka harba ya lalace a sama, in a teku ne ya nutse shi ke nan sai hasashe, amma a hamada washegari za a fita da mota da helikwafta a tsinto ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya a shimfiɗa a ƙasa a ga wace waya ce ta ƙone, wane ƙarfe ne ya fara tsagewa. Wannan shi ne babban sirrin wajen. Ga shi sama tas take kusan duk shekara, ga duwatsu gabas da yamma inda ake girke kyamarori da na'urorin rada suna bin makamin tun tashinsa har faɗuwarsa, sararin saman wajen kuma an hana jiragen fasinja bi.

An buɗe shi 9 ga Yuli 1945. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare Amurkawa sun kwaso kayan rokar Jamus mai suna V-2 har taragon jirgin ƙasa kusan 300 suka jibge a can, suka ɗebo injiniyoyin ma su Wernher von Braun suka ajiye su a sansanin soja na Fort Bliss nan kusa. Daga 1946 zuwa 1952 an gwada V-2 guda 67, kuma hoton duniya na farko daga sararin samaniya ɗaya daga cikinsu ce ta ɗauko shi a Oktoba 1946 daga nisan kilomita 105.

Maman Ilham:
Ni titin da kake magana na bi shi, lamba 70 ne. Muna hanyar Alamogordo da sassafe kawai muka tarar an tare hanya motoci sun yi layi, na ce wa maigida ko haɗari aka yi, ashe gwaji za a yi. Abin da ya ba ni dariya ƴan gari ko a jikinsu, wani dattijo a gabanmu ya kashe mota ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula, ni kuwa na fito ina ta ɗaga kai ina jiran in ga wuta a sama, wallahi ban ga komai ba ko ƙara ban ji ba, da aka kusa awa ɗaya aka buɗe muka wuce. Shi kansa wajen shaƙatawar da aka keɓe a farin yashin nan na jibsam rufe shi ake yi in za a harba, wani lokaci har awa 3. Yashin kuma ko da rana tsaka ka taka ba takalmi ba ya ƙona ƙafa, yara har sulu suke yi a kan tudun.

Baba Gambo:
Injiniya ka yi bayani amma ka tsallake tambayar yaron. Ya ce in ya ƙwace fa? To ya sha ƙwacewa. Ranar 29 ga Mayu 1947 an harba wata roka da aka gyara daga V-2, maimakon ta yi arewa sai ta juya kudu ta tsallake birnin El Paso ta faɗa kusa da wata maƙabarta a Juárez cikin ƙasar Meksiko, ta haƙa rami mai faɗin kusan mita 15, Allah ne ya tsare ba wanda ya mutu. A 1970 kuma wata mai suna Athena da aka harbo daga Green River a jihar Utah da nufin ta sauka White Sands ta zarce har jihar Durango can cikin Meksiko, ga shi tana ɗauke da sinadari mai tiririn nukiliya, sai da Amurkawa suka je suka kwashe ƙasar wajen a jirgin ƙasa.

Kuma wannan magana ta wai hamada ce ba kowa, ni ba na sonta. Akwai masu kiwon shanu a wajen, a 1942 gwamnati ta karɓi filayensu haya da sunan in yaƙi ya ƙare za su koma, har yau ba su koma ba. Wani dattijo Dave McDonald da ya gaji da jira a 1982 ya ɗauki bindiga ya koma gandunsa ya zauna, yana da shekara sama da 80. A gidan danginsu ne ma aka haɗa zuciyar bam ɗin nukiliya na farko, wanda aka tayar da asubahin 16 ga Yuli 1945 a arewacin filin, gwajin da ake kira Trinity. Ba a gargaɗi kowa ba, daga baya soja suka ce wai rumbun harsasai ne ya yi bindiga. Toka ta sauka kan ƙauyuka, shanu gashin bayansu ya ƙone ya fito fari, mutane na shan ruwan saman da suka tara daga rufin ɗaki. Da aka yi dokar biyan diyya a 1990 ba a sa mutanen New Mexico da tokar ta shafa ba, sai 2025 aka shigar da su, shekara 80 kenan, waɗanda abin ya fara shafa yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Injiniya Sani:
Baba na karɓi gyara, gaskiya ka faɗa. Abin da zan ƙara kawai yanzu akwai jami'in da aikinsa kenan ya zuba wa makamin ido, yana kaucewa daga layin da aka shata masa zai danna a tarwatsa shi a sama. Masu kiwon da ke maƙwabtaka ta arewa da yamma kuma akwai yarjejeniya, ana biyansu su bar gida na wasu awanni in za a yi gwajin da ke buƙatar ƙarin fili. Da makaman suka fi ƙarfin wajen ma ai matsawa aka yi, THAAD, wanda ake kakkaɓo makamai masu linzami da shi, a nan aka fara gwada shi daga baya aka koma Hawaii.

Ɗan Lami:
Tabɗi, a biya ka ka bar gidanka don kar roka ta faɗo maka, ni kam ko nawa ne barci ba zai ɗauke ni a gidan nan ba. Na gode ƙwarai Baba, na gode Injiniya. Maman Ilham dan Allah wasu dabbobi masu dogon ƙaho da nake gani a hotunan wajen fa, ba na Afirka ba ne?

Maman Ilham:
Su ne, dangin mariri ne daga hamadar Kalahari, an kai su tsakanin 1969 da 1977 don mafarauta, ba su kai 100 ba a lokacin, da yake ba zakin da zai ci su sai suka hayayyafa suka zama dubbai, har sai da aka kewaye wajen shaƙatawar da waya saboda su. Mun ga guda uku a bakin titi muna dawowa, suna tsaye suna kallon motoci.