Landsat ko Sentinel-2: wanne ya dace da bin diddigin sare daji?

Mai_Taswira: Salamu alaikum. Mai son auna yadda daji ya ragu daga 2000 zuwa yau, hoton wane tauraron ɗan'adam zai ɗauka? Kuma yaya ake yi da gajimare, tunda hotunan damina rabinsu fari fat ne?

Ɗan_Gandu: Wa alaikumus salam. Malam, shekarar da ka ambata ta raba gardama. Sai 2015 aka harba Sentinel-2 na farko, saboda haka Landsat ne naka, wanda ke ɗauka tun 1972, kyauta kuma tun 2008. Ɗigonsa, wato faɗin ƙasar da kowane ɗigon hoto ke wakilta, mita 30 ne, na Sentinel-2 mita 10. Daji babba ba matsala, amma wanda ake tsintar itatuwansa ɗaiɗai zai kuɓuce maka.

Ka kula da Landsat 7. A watan Mayun 2003 wani sashe na na'urarsa ya lalace, hotunan bayan nan duk zane-zane ne baƙaƙe, kusan kashi 22 cikin ɗari babu komai. Landsat 5 zai toshe maka giɓin har 2011. Sannan wajen lissafin NDVI, wato ma'aunin koren tsirrai a hoto, lambobin zangon haske da ake amfani da su sun bambanta: 4 da 3 a Landsat 5 da 7, amma 5 da 4 a Landsat 8 da 9. Nan mutane ke yawan tuntuɓe.

Baiwar_Allah: Gajimaren kansa da sauƙi, ana ganinsa. Inuwarsa ce mugun abu, don tana rage darajar NDVI har wuri ya yi kama da wanda aka sare. A cire duka biyun, a tara hotunan wata uku, a ɗauki darajar tsakiya a kowane ɗigo. Kuma watannin su zama iri ɗaya kowace shekara; in ka gwada rani da damina, kaɗewar ganye ka auna.

In gajimaren ya ƙi, sai radar ta Sentinel-1, mai ratsa shi dare da rana, sai dai daga 2014 ta fara. Hotonta dabbare-dabbare ne, sai an tace, kuma gangaren dutse na ruɗa ta.

Ɗan_Gandu: Haka ne, Malama. Ƙari ɗaya ga mai haɗawa da Sentinel-2: daga Janairun 2022 an ƙara 1000 a kan lambobin ɗigo. In ma'ajiyar da ka sauke ba ta gyara ba, ka debe da kanka kafin lissafi, in ba haka ba za ka ga daji ya dushe dare ɗaya alhali ko reshe ba a taɓa ba.