"Karatu farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma": wai ina zumar take?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum jama'a, ya sanyin Jos. Wata magana ce ta hana ni barci jiya. Ƙanina ya gama jami'a ya yi bautar ƙasa, yau shekara uku kenan yana jan keke Napep daga Taminus zuwa Farin Gada, jiya na same shi ya yi tagumi a ƙofar gida sai na miƙa masa wani littafi da nake karantawa akan yadda mutum zai tsara lokacinsa da ɗan abin da yake samu, na ce masa ka daure, karatu farkonka maɗaci ƙarshenka zuma. Ya ɗago ya ce Yaya ni na sha maɗacin har na ƙoshi, ina zumar take? Wallahi na rasa amsa. Shin karin maganar ce ta daina aiki ko ni ne ban gane ta ba?

Mai Keke Bauchi Road:
Yaya gaskiya ƙaninka ya faɗa. Mu da muke kan titi mun san masu digiri nawa ne a layinmu. Wannan magana ta zamanin da ce, lokacin da mutum zai gama sakandare aiki na jiransa. Su kuma littattafan ƙarfafa gwiwar nan yawanci a Amurka aka rubuta su, wanda ya rubuta bai san a ɗauke wuta kwana uku ba, bai san kuɗin balas da direba ke kai wa mai keke ba, zai ce maka ka ajiye kaso goma na kuɗinka, wanne kuɗin?

Malamin Allo Rikkos:
Wa alaikumus salam. Ɗana mai keke ina jin zafin da ke ranka, amma a tawa fahimtar kun sa wa maganar rigar da ba tata ba. Ni a makarantar allo na fara jin ta, kuma a can babu albashi a ƙarshe balle a ce shi ne zumar. Yaro zai fara da babbaƙu ya koma farfaru, yana kolo ya zama titibiri ya zama gardi, asuba da sanyin nan yana gaban wuta da allonsa, ya wanke ya sake rubutawa har ya haɗa izu sittin. Ranar sauka ba a ba shi takardar ɗaukar aiki. Abin da ya samu yana cikin ƙirjinsa, ko'ina ya je da shi zai je. Sannan ku duba wane ɗaci aka zaɓa. Ba a ce guba ba, maɗaci aka ce, itacen da iyayenmu ke jiƙa ɓawonsa a ba mutum idan cikinsa ya ɓaci ko zazzaɓi ya kama shi. Ɗaci ne mai magani tun kafin a zo maganar zuma.

Mai Keke Bauchi Road:
Allah gafarta Malam na yarda da na allo, amma karatun addini daban ai, wannan ladansa na wajen Allah. Ni na boko nake nufi da waɗannan littattafan.

Maman Tudun Wada:
Bari in sa baki yarana. Mahaifiyata sai da ta haifi shida kafin ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ba don aiki ba, so take ta karanta Littafi Mai Tsarki da kanta, tun 1932 akwai shi da Hausa amma kullum sai dai a karanta mata. Ina tuna ta da fitilar ƙwai tana bin layi da yatsa, harafi ɗaya sai ta maimaita sau biyar, mu yara muna gyara mata tana haƙuri. Ranar da ta miƙe a taron zumuntar mata ta karanta da bakinta kuka ta yi. Daga nan ta fara rubuta bashin da ake ci a wajenta na dankali, babu wanda ya ƙara yi mata musu akan lissafi. To wannan a wane layi za ka sa shi, addini ko boko? Gemu ba ya hana ilimi aka ce, ita kam furfura ba ta hana ta ba.

Anti Nas:
Ni inda na tsaya daban ne. Maganar daidai ce amma Ɗan Gangare ba a wurinta ka faɗe ta ba, ka yi haƙuri. Yaron da ke kuka zai tafi makaranta ake gaya wa ita, ko mai shirin jarabawa, wato wanda yake farkon. Shi ƙaninka a ganinsa ya kai ƙarshe, da ka faɗa masa sai ya ji kamar ka ce alkawari aka yi masa aka saɓa. Mutum yana cikin damuwa ka fara jin ta bakinsa tukunna kafin littafi.

Baba Ɗan Kasuwa:
Anti ta yi gaskiya akan lokaci. Amma mai keke ina so ka ji wannan. Lokacin da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 shagona na ciki, ban fitar da ko allura ba. Wata huɗu ba na son ganin kowa. Abin da ya tashe ni ƙissoshin annabawa ne da Hausa, na Annabi Ayuba da na Annabi Yusuf, na san su tun ina yaro amma sai a lokacin na karanta su kamar da ni ake. Bayan nan na karanta wani ƙaramin littafi na rubuta shiga da fita, da shi na sake farawa da tebur ɗaya a bakin titi. Littafin bai ba ni jari ba, wani ɗan'uwa ne ya ba ni, amma da ban dawo hayyacina ba ko an ba ni cinyewa zan yi. Na Amurka ma ba duka ake zubarwa ba, ka tankaɗe ka ɗau garin ka bar dusar, kaso goma bai yiwu ba ka ajiye naira ɗari biyu.

Malamin Allo Rikkos:
Sai dai a kiyaye karatun aku. Akwai mai littafi hamsin a waya bai canza ko lokacin tashinsa ba, Suratul Jumu'a ta kawo misalin jaki mai ɗauke da littattafai. Kuma ni ban yarda ranar karɓar satifiket ce ƙarshen da ake nufi ba.

Mai Keke Bauchi Road:
Baba naka ya shige ni sosai. Amma har yanzu ina nan akan bakana, a daina yi wa yara alkawarin zuma ba a gaya musu wace iri ba ce, mu aiki muka ɗauka.

Ɗan Gangare:
Na gode iyayena da 'yan'uwa. Anti na karɓi gyara, yau bayan isha'i zan je ɗakinsa in zauna in saurare shi, ba zan ɗauki littafi ba. Wancan ɗin ma yana wajensa, da safe na leƙa na gan shi a ƙarƙashin kujerar keken, ban tambaye shi ba. Baba idan ba damuwa ranar Asabar zan kawo shi shago ya ji labarin nan daga bakinka.

Baba Ɗan Kasuwa:
Ku zo bayan la'asar, lokacin kasuwa ta lafa.