Chennai: me baƙo zai ci in yana gudun nama?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu zuwa birnin Chennai na ƙasar Indiya jinya ko karatu suna yawan tambayar abin da za su ci, saboda gudun naman da ba a san yankansa ba. Waɗanda suka zauna can, don Allah a taimaka.

Bakatsine: Wa alaikumus salam Hajiya. A nemi gidan abincin da aka rubuta "Pure Veg" a ƙofarsa. Ba nama, ba kifi, ko ƙwai ba ya shiga kicin ɗinsu. A kayan leda kuma a duba koren ɗigo cikin murabba'i, shi ne alamar ba nama a ciki. In alamar ruwan ƙasa ce, akwai nama ko ƙwai. Da safe a fara da idli. Ƙullin shinkafa ne da wani wake da suke kira urad, wajen awo 4 na shinkafa, 1 na waken, a bar shi ya kwana ya tashi, sannan a turara. Ɗan uwan waina ne, sai dai bai ga mai ba. Dosa ma kusan ƙullin ne, ana shimfiɗa shi siriri a kasko mai faɗi har ya yi ƙaras-ƙaras. Ratna Cafe da ke unguwar Triplicane sun yi suna da idli mai iyo cikin sambar, wato miyar wake da kayan lambu mai tsamiya.

Anti Mai Jinya: Malam ka manta lokaci. Idli, vada (ɗan uwan ƙosai) da pongal (faten shinkafa da wake) na safe ne, zuwa wajen ƙarfe 11, wasu su dawo da yamma. Daga 12 zuwa 3 na rana "meals" ake yi, wato shinkafa da miyoyi kala-kala, sau da yawa a kan ganyen ayaba. Ka yayyafa wa ganyen ruwa ka goge. Kada ka juye miyoyin duka kan shinkafar lokaci guda, ɗanɗanon zai rikice. Sambar tukuna, sai rasam, a rufe da kindirmo, shi ke kwantar da yajin. Dogayen korayen sandunan cikin sambar 'ya'yan zogale ne: a tsotse cikin, a ajiye ɓawon, ba ya taunuwa. Abin da ke ɓata wa baƙi ciki galibi miyar kwakwar nan ce fara, chutney. Ɗanyar kwakwa ce, awanni kaɗan take tsami a zafin garin. In an kai abinci masauki, a ci ta nan take ko a zubar.

Ɗan Damagaram: Rasam ruwan tsamiya ne da tumatir da masoro, mai mura zai ji daɗinsa, mai gyambon ciki ya kiyaye. A ce wa mai kawo abinci "kaaram kammi" don a rage yaji, amma a kan abin da za a dafa sabo kawai yake aiki. Sambar tun safe tukunya ɗaya ce. Pongal shinkafa ce da wake da man shanu, tana sa barci, ba ta ranar ganin likita ba ce.

Uwar Biyu: Na gode. To kayan zaƙi fa, musamman na tsaraba?

Anti Mai Jinya: Mysore pak ne na gaba, Hajiya. Garin wake da suke kira besan, sukari da man shanu, shi ke nan. Akwai mai tauri, akwai mai laushi irin na shagon Sri Krishna Sweets, ni mai laushin na fi so. Yana yin mako ba firij. Adhirasam, na garin shinkafa da mazarƙwaila, shi ma yana jure tafiya. Payasam (kunun zaƙi) da duk wani na madara a ci a wurin, kwana ɗaya zuwa biyu yake lalacewa. A sayi gram 100 a ɗanɗana kafin a auni kilo, zaƙinsu ya fi namu nesa ba kusa ba.

Bakatsine: Mai ciwon suga ya lura da kofinsu (coffee) na madara ma, da sukari yake zuwa sai in ka hana tun wajen oda.