Neman Shawara: Muna Son Hawan Tsaunin Mambila a Kan Babur a Ƙarshen Mako

Mai tambaya, daga Jalingo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da abokaina biyu mun ƙudiri niyyar hawan tsaunin Mambila a kan baburanmu cikin watan Agusta, domin lokacin ne kaɗai dukkanmu muke samun sarari. Shirinmu shi ne mu bar Jalingo bayan sallar Juma'a, mu bi ta Garba Chede da Bali mu kwana a Serti, da asubar Asabar mu hau ta Mayo Selbe, sannan mu saki kwalta mu bi hanyoyin jar ƙasa zuwa gonar shayi ta Kakara da Mayo Ndaga, mu kwana a Gembu, ranar Lahadi mu juyo gida. Biyu daga cikinmu Boxer muke hawa, na ukun kuma tsohon Jincheng ne da shi. Mun saba da doguwar tafiya a kan kwalta, amma babu wanda ya taɓa hawan dutse a cikinmu. Ina roƙon waɗanda suka san hanyar su gaya mana ko shirin zai yiwu, da abin da ya kamata mu gyara a jikin baburan, da kuma ko za mu iya leƙa dutsen Chappal Waddi.

Tsohon ɗan acaɓa, daga Nguroje:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Hawan bai dame ni ba, saukowar ce nake jiye muku. Baƙo yakan zo da tsoron hawan Mayo Selbe, ya lallaɓa ya kai garin Maisamari da ke saman tsaunin lafiya, sai ranar komawa ya saki jiki, ya danne kuloci ko ya cire giya domin ya rage shan mai, ya bar wa burki dukkan nauyin. A doguwar gangara mai kwana-kwana irin wannan, burki yakan yi zafi har ya daina kamawa, mutum yana takawa babur yana ƙara gudu. Giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai. Ka bar babur a giya ɗaya ko biyu injin ya riƙe shi, burki kuma ka riƙa taɓa shi kana saki.

Sai maganar watan da kuka zaɓa, kuma gaskiya ban ji daɗinsa ba. Agusta tsakiyar damina ce, jar ƙasar nan kuwa idan ta sha ruwa santsi take yi kamar sabulu. Laka takan cushe tsakanin tayar gaba da murfinta har tayar ta ƙi juyawa, dole mutum ya sauka ya nemi kara ya ƙwaƙule ta. Ga hazo, wanda yakan sauko ba sallama, ya rufe hanya har ka kasa ganin saniyar da ke tsaye a gabanka. Idan da hali, ku bari sai daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu.

Bakaniken babura, daga Serti:

Abin da Baba ya faɗa haka yake. Zan ƙara da cewa saman Mambila ya kai kimanin mita 1,600 daga tsayin teku, iskar can kuma ba ta da kauri kamar ta Jalingo. Kafireta tana ci gaba da ba da fetur yadda ta saba alhali iskar da ke shiga ta ragu, shi ya sa za ku ji babur ya yi sanyi a hawa, fulogi kuma ya riƙa yin baƙi. Kada ku ɗauka injin ne ya lalace, kuma kada ku bari a kwance muku kafireta a hanya. Ku wanke matatar iska kafin ku taso, kowa ya riƙe sabon fulogi da sifanarsa.

Tayar baya ta zama sabuwa mai manyan haƙora, a sauya takalmin burki gaba da baya, a duba sarƙa kada ta yi sako-sako ko ta ɗame. Idan kun bar kwalta ku ɗan rage iskar taya domin ta ƙara kama ƙasa, amma kada ku zarce, dutse zai iya datse muku tub. Ku tafi da kayan faci da famfo da wayar kuloci. Jincheng ɗin nan kuwa, Malam, a kai shi gareji a duba shi da kyau, kuma a hanya a sa shi a tsakiya.

Malamin makaranta, daga Gembu:

Ɗan'uwa, ka cire Chappal Waddi daga lissafi. Shi ne ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Nijeriya, mita 2,419, yana kan iyakar Kamaru a cikin gandun dajin Gashaka Gumti, kuma ba a kaiwa gare shi sai da tafiyar ƙafa ta kwanaki, da izinin hukumar gandun da ɗan jagora. Ko Mayo Ndaga ma ta yi muku yawa a yini guda da damina. Daga Gembu zuwa Jalingo tafiya ce da takan cinye mafi yawan yini ko a mota, don haka Lahadinku ta riga ta ƙare a hanya. Asabar kaɗai kuke da ita, ni kuwa a ganina Kakara da dajin Ngel Nyaki da ke kusa da Yelwa sun ishe ku. Ku cika tanki kafin ku bar kwalta, kuma kada magariba ta riske ku a daji.

Ma'aikaciyar jinya, daga Bali:

Ƙanena, don Allah kowa ya sa hular kwano mai ɗauri, da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. Sanyin tsaunin ba irin wanda kuka sani ba ne, mutumin da ruwa ya jiƙa kuma iska tana dukansa hannunsa yakan sandare ya kasa matsa burki. Ku naɗe busassun kaya a leda, ku sanar da wani a gida hanyar da za ku bi, tun da akwai kwarurrukan da waya ba ta kamawa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun ajiye Chappal Waddi da Mayo Ndaga, amma ɗage tafiyar zai yi mana wuya. Baba, idan dole sai Agustan, yaya za mu yi da gangara mai laka?

Tsohon ɗan acaɓa, daga Nguroje:

To, ɗana, ku shiga hanyar ƙasa da hantsi, bayan hazo ya washe, ku fito kafin la'asar, domin ruwan ya fi sauka da yamma. A gangara mai laka ka ja jikinka baya a kan kujera, ka fi dogara da burkin baya, na gaba kuwa da yatsa biyu kawai, domin da zarar tayar gaba ta kulle sai ƙasa. Kada ku bi juna kurkusa. Na gaba ya gama sauka ya tsaya, sannan na biyu ya taso. Idan kun iske rafi ya ɗauko ruwa, ku jira ku ga inda mutanen wurin suke ratsawa. Kuma ku ɗauki ɗan acaɓa ɗaya a tashar Nguroje ku biya shi kuɗin yini ya shige muku gaba. Inda ya sauka ya tura, ku ma ku sauka ku tura.